Babban Turbo da Jarrabawar Mubina

Kurfi,
Talata, farkon Oktoba, 2021.

Zuwa ga Baba Malam Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan Baba yana lafiya, da Inna Rekiya da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Baba, ka yi mani afuwa da na aiko takarda maimakon in zo da ƙafata. Tun da aka ɗauke layin waya a yankin nan ba halin kira, kuma ka san tun da ka ba ni aure bakina ya mutu a gabanka. Da can, ina ɗalibinka a makarantar koyon sana'a, sai in tare ka a bakin gareji in yi ta zuba maka tambaya har ka ce in bari ka sha ruwa. Yanzu ko gaisuwa na zo, daga "lafiya lau" sai kallon tabarma. Shi ya sa na rubuta na ba ɗiyarka Mubina ta miƙa maka, tunda kullum sai na kai ta kwaleji Dutsin-Ma.

Maganar motata ce, jar Golf ɗin nan mai turbo. Abokina Bilya ya zo daga Kaduna da wani turbo da ya fi nata girma, ya ce daga jikin wata da aka buge ta baya aka ciro shi. Na juya shi da yatsa, ba ya girgiza, ba ya gogar gefe. Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. Shagona na gyaran waya kuwa, wa zai kawo gyaran wayar da ba ta kira? Sai in buɗe, in share, in zauna ina kallon turbon nan a kan tebur.

Ba don gayu nake so ba. Ka san halin da hanyar nan take ciki. Idan na ɗauko ta da safe, idona na kan daji, ƙafata na kan totur. Ina son motar da in na hango abin da ban gane ba, in taka ta mu ɓace.

Bilya ya ce ɗaurawa ce kawai, aikin yini guda. Ni kuwa na tuna kana ce mamu injin gida guda ne, ba a ƙara wa mutum ɗaya tuwo a bar saura da yunwa. To, me da me ya kamata in canja tare da shi, kuma da wanne zan fara?

Ban manta alkawarin da na yi maka a zaure ba, cewa aure ba zai tsayar wa Mubina da karatu ba, ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta har ta gama. Jarrabawarta ta ƙarshe wata mai kamawa ce. Ina so kafin nan motar ta zama abin dogaro.

Ka huta lafiya.
Ɗanka kuma ɗalibinka,
Misbahu.

*

Dutsin-Ma,
Laraba.

Zuwa ga ɗana Misbahu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Muna lafiya, muna gaishe ku da duk mutanen Kurfi. Mubina ta miƙo mini takarda tana ƙunshe dariya. Innarku ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutum yana karanta maganar ƙarfe yana murmushi ba. Na yi kewar tambayoyinka. Yaran da nake koyarwa yanzu, in na ce ko akwai mai tambaya, sai ɗaya ya ɗaga hannu ya ce ƙarfe nawa ne.

Turbo ba komai ba ne illa zugazugin maƙeri. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya shi, shi kuma ya cusa wa injin iska. In ka ƙara girman zugazugi, wuta za ta ƙaru. Abin tambaya shi ne ko maƙerar za ta ɗauka.

Ka fara da abin da Bilya ba zai ambata ba: birki da taya. Faifan birki na gaba da takalmansa a canja su da masu kyau, a zubar da tsohon man birki kaf a sa sabo. Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, ba 'yan gwanjon da suka ƙare rayuwarsu a ƙasar sanyi suka zo nan hutawa ba. Duk ƙarfin da za ka ƙara wa motar nan, ta kan ɗan tafin tayar da ke taɓa kwalta zai bi.

Sai zancen zafi, kuma a nan ne masu gaggawa ke kashe injin. Iska in an matse ta zafi take yi. Iska mai zafi kuwa tana sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, sai ka ji injin na ƙwanƙwasa kamar baƙo a ƙofa. Wannan baƙon fistin yake hudawa. Motarka tana da ɗan lagireto na iska, wanda muke kira intakula, yana ɓoye a gefen bamba. Ya ishi ƙaramin turbo a garin da ake ƙanƙara. Babban turbo a ranar Kurfi sai babba, a gaba, inda iska za ta dake shi.

Iska mai yawa kuma fetur mai yawa take nema, don haka nozul manya masu fesa wa injin fetur, da famfon mai da zai iya ciyar da su, da fulogin da ke jure zafi. In fetur ya gaza a lokacin da turbo ke hurawa, injin ba ya gargaɗi, narkewa yake yi. Kulocinka ma ban yarda da shi ba, tun ranar ɗaurin aure na ji yadda yake kamawa a sama. Salansa a faɗaɗa ta. Bayan duk wannan sai a kai ta Kano wurin masu kwamfuta su sake wa ƙwaƙwalwar motar lissafi, in ba haka ba za ta ci gaba da auna abinci da tsohon mudu.

Ka ga aikin yini gudan Bilya ya haihu.

Yanzu ga shawarar uba. Ka nannaɗe turbon nan a tsumma ka sa shi ƙarƙashin gado sai Mubina ta ajiye biro. Motar da ke tafiya yau ta fi wadda za ta tashi sama gobe. Ban raina tsoronka ba. Ni kaina in kun bar garin nan da yamma, ba na sanin kun isa sai washegari in na gan ta. Amma ka yi haƙuri na wata guda, sannan mu yi aikin nan tare, a tsanake, yadda ya kamata.

Allah ya yi muku albarka.
Naka,
Malam Mas'ud.

*

Kurfi,
Lahadi.

Zuwa ga Baba Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin a karanta.

Wallahi na yi niyyar bin shawararka. Har na nannaɗe shi. To ranar Alhamis muna dawowa bayan la'asar, sai muka ga motocin gabanmu suna juyowa a guje, suna ba mu wuta, wani ya leƙo yana yi mamu alama da hannu mu koma. Na juya. Baba, na taka totur har ƙasa amma ji nake kamar a cikin taɓo nake tafiya. Ɗiyarka salati kawai take yi, ta riƙe littafinta a ƙirji. Daga baya aka ce ba komai ba ne, wasu mafarauta aka hango. Amma ni ban runtsa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kwance ƙaramin turbon. Dama sharaɗinmu da Bilya musaya ce, jiya ya koma Kaduna da shi. Don haka ko na so mayarwa babu abin mayarwa. Motar na kan duwatsu a bayan shago.

Ɗiyarka kuma a motar Ummaru direba take zuwa yanzu, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ba ya tashi sai ta cika. Jiya ta rasa darasin farko. Sauƙin abin, wannan satin za su gama darussa, su zauna gida karatun jarrabawa. Daga nan Ummaru zai riƙa kawo maka takardata, mun yi magana.

Na samu nozul da famfon mai da kuloci ta hannun wani a Katsina. Birki da taya ma na yi oda, kada ka ce ban ji ba. Intakula ce ta gagara. Bilya ya ce ba dole ba ce, a cire abin nan da ke tsare ruwa a bakin injin, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, kowa haka yake yi. Ya kuma ce zuwa Kano ɓata lokaci ne. Ko za a iya tsallake waɗannan biyun zuwa bayan jarrabawa? Lokaci nake ji.

A gaishe da Inna, a ce mata ɗiyarta tana cin abinci.

Ɗanka,
Misbahu.

*

Dutsin-Ma,
Litinin.

Misbahu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, alhamdu lillahi. Na yi fushi da kai daga azahar zuwa la'asar, sannan na ɗauko biro, don fushi ba ya ɗaura turbo.

Ba za a tsallake ko ɗaya ba. Abin da Bilya ke so ka cire, ruwan injin yake wa hisabi. Intakula kuwa iskar da injin ke shaƙa take sanyayawa. Mutum na jin ƙishirwa ka yi masa fifita, ka taimake shi? Kada ka cire komai, kada ka haɗa fanka kai tsaye. Ka gaya wa abokinka na gaishe shi, in ya sake zuwa ya biyo in ba shi kujera a aji ɗaya.

Intakula ka bar mini. Wani tsohon ɗalibina yana da ita a garejinsa, na je da kaina na toshe bakinta na hura mata iska a cikin ruwa, ba ta yoyo. Ummaru zai kawo maka ita gobe da bututunta. Ka ɗaure kowane baki da maɗauri mai kyau, ba waya ba, ba robar taya ba. Na san ku.

Bututun da ke kai wa turbo baƙin mai, sabo za ka sa, ko tsohon ya yi maka murmushi. Kafin ka tayar da ita karon farko ka ɗura wa turbon mai da hannunka ka juya shi. Sabbin nozul kada ka ɗaura su a Kurfi. Ka tafi Kano da tsofaffin, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, kada ka bari turbo ya hura ko sau ɗaya. A can za a ɗaura manyan a gaban mai kwamfuta, ya daidaita komai lokaci guda. Ka ce masa ya yi lissafi da irin fetur ɗinmu da irin zafinmu, kuma ya bar wa injin sarari, ba gasa za ka ba. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, daga yau kai da shi sai kallo.

Sharaɗi ɗaya: Mubina ba za ta shiga motar nan ba sai ka gwada sabon birki kai kaɗai, sau da yawa, a inda ba kowa.

Na so in zo da kaina. Har na ɗauko rigar aiki, Innarku ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in an ga suruki kwance ƙarƙashin motar surukinsa a tsakiyar Kurfi, ita ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Na mayar da rigar. Amma ka rubuto mini duk abin da ka taɓa, don tun jiya a cikin kaina nake ta kwance motar nan ina ɗaurawa.

Allah ya taimaka.
Malam Mas'ud.

*

Kurfi,
Laraba, cikin Nuwamba.

Zuwa ga Baba Malam,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da godiya marar iyaka.

Na dawo daga Kano jiya. An gama. Duk abin da ka lissafa an yi, ban tsallake ko ƙusa ba. Mai kwamfutar ya leƙa ƙarƙashin bonet ya tambaye ni wa ya tsara mani aikin, na ce babana. Ya ce to a gaishe shi.

Baba, ban san yadda zan kwatanta maka ba. A ƙasa lumui take tafiya kamar da. Amma in allura ta hau, sai ka ji wani siririn fito, sannan kujera ta tura ka ta baya. Zafi bai motsa daga tsakiya ba har na iso. Ba ƙwanƙwasa. Birki na gwada shi a hanyar Rawayau har sai da wani mai keke ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya.

Matsala ɗaya ce, ta zama mai ci. Ka san yanzu an ƙayyade abin da gidan mai zai ba kowace mota, jarka kuma an hana. Yau tun hantsi nake layi. Abin da na samu, in na lissafa zuwa da dawowa na kwanakin jarrabawa, da ƙyar ne. Na bumburutu ka hana ni, kuma na ji. Ina dai neman dabarar da zan sa ya kai.

Litinin za su fara. In sha Allahu ita za ta riga mai gadi isa.

Ɗanka,
Misbahu.

*

Kurfi,
Asabar.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya? Ya Inna da ƙafarta? Kowa na rubuta wa kowa takarda a gidan nan ban da ni da ake yi domina, shi ya sa yau na ce sai na yi tawa.

Shekaranjiya mun shigo duba jadawalin jarrabawa, muka biyo gida aka ce ka tafi ta'aziyya Shema. Ɗalibinka har da ajiyar zuciya, wai ya so ka ga motar. Ni kuwa na san daɗi ya ji, don da ka fito da ya rasa inda zai sa idonsa.

Baba, kun haɗu kun ɓata mani miji. Da asuba kafin ya ce mani ina kwana sai ya leƙa ta taga ya ga ko motar tana nan. Ran nan ina haddace darasi da ƙarfi, na ce ya yi mani tambaya daga littafi, sai ya ce in faɗi aikin intakula. Kuma abin haushin, na sani.

Amma gaskiya motar ta yi daɗi. Kafin in gama shafi biyu mun iso. Kuma ya samo dabarar fetur ɗin da ke hana shi barci, a tasha ya koyo ta wurin su Ummaru. In mun taho a guje muka kai dogon gangaren nan na kafin gada, sai ya cire giya ya sa ta a firi, ya kashe injin gaba ɗaya. Sai ka ji tsit, ba ƙara ba fito, muna ta sulalawa kamar a mafarki har ƙasa, sannan ya tayar. Ya ce ko'ina akwai gangare haka zai riƙa yi, da haka man zai kai mu ƙarshen jarrabawa. Na ce masa wato an kashe wahala an ƙara mata ƙarfi don a riƙa kashe ta. Bai yi dariya ba.

Takardar farko Litinin da safe ce, kuma ita ce wadda na fi tsoro. In na haye ta, saura masu sauƙi ne. Ka sa ni a addu'a, Baba. Ka ce wa Inna in na fito zan biyo, a ajiye mani ɗumame.

Ɗiyarka,
Mubina.

*

Dutsin-Ma,
Lahadi da yamma.

Misbahu,

Salamu alaikum. Ka karanta wannan kafin ka murɗa makulli.

Kada ka sake kashe injin motar nan tana tafiya. Ko sau ɗaya.

Takardar Mubina ta kwana a aljihun motar Ummaru, sai yanzu bayan la'asar ya tuna ya kawo. Na tafi tasha da gudu, motar ƙarshe ta Kurfi ta tashi, kuma ba mai yarda ya hau hanyar nan da yamma ko nawa za a ba shi. Na ɗauko waya har sau biyu kafin in tuna ba ta da amfani.

Ka saurara. Laushin da kake ji in ka taka birki, ba ƙarfin ƙafarka ba ne, injin ne ke taya ka. In ka kashe shi, abin da ya rage a ajiye na taki ɗaya ne ko biyu. Daga nan feda za ta zama dutse. Sitiyari ma injin ke sauƙaƙa shi. Sabon faifai da sababbin tayoyi ba za su yi maka komai ba in ƙafarka ta kasa matsa su. Su Ummaru da ka koya a wurinsu, da tafiyar jaki suke isa bakin gangaren, kuma su ma kasada suke yi da rayukan mutane. Kai kuwa da gudun iska kake isa.

Turbon ma kashe shi kake yi. Ka taho yana ja zur don zafi, yana juyawa, ka yanke masa baƙin mai. Amma wannan ƙarfe ne, ana sayen wani.

In fetur ne, ka sauke ƙafarka daga totur ka bar ta a giya, a gangare kusan ba ta shan komai. In ya ƙare, ya ƙare, za mu san yadda za a yi.

Zan ba Ummaru wannan da asuba. Na ce masa in ya gamu da ku a hanya ya tsayar da ku ko ta halin ƙaƙa. Ni kuma zan tsaya a ƙofar kwaleji har in gan ku.

Allah ya tsare.
Mas'ud.

*

Kurfi,
Litinin da yamma.

Zuwa ga Baba Malam,

Assalamu alaikum. Na san ka gan ta, ka san tana da rai da lafiya, alhamdu lillahi. Amma ban san abin da ta faɗa maka ba, kuma na san za ta rage don ta rufa mani asiri. Gara ka ji daga gare ni.

Mun fito da wuri. Ba mu yi nisa ba muka gamu da Ummaru. Ya ba mu wuta, ya fito da hannu yana kaɗa wata farar takarda. Na ɗauka gaisuwa ce, na danna mashi ham. Kafin ya samu wurin tsayawa mun yi mashi nisa. Ya ce ya juyo ya bi mu kaɗan, fasinjoji suka yi mashi ca, kuma ya san ba zai kamo ni ba.

Da muka kai gangaren na kashe ta. Na taɓa birki saboda wani rami, na sake taɓawa saboda wani. Muna zagayo kwanar da ke kafin gada sai ga shanu sun cika hanya suna tsallakawa. Na taka. Baba, kamar na taka bango. Na miƙe tsaye a kan fedar da ƙafa biyu, motar na tafiya abinta. Na kai hannu ga makulli, na ga ba lokaci. Na ja birkin hannu, na murɗa sitiyari da duk ƙarfina, muka sauka daga kwalta muka faɗa wata gonar dawa da aka girbe. Ƙasan injin ya daki dutse, baƙin mai ya tsiyaye. Ba mu taɓa ko saniya ɗaya ba. Ɗiyarka leɓenta ya fashe, ni ban ji ciwo ba.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Ƙarfe nawa?"

A lokacin da sauran lokaci. Na hau bakin hanya ina ɗaga hannu. Amma ka san hanyar nan yanzu: mota a cikin gona, namiji a bakin titi yana tsayar da mutane, shanu a gefe. Duk wanda ya hango ni sai ya ƙara wuta. Har da waɗanda suka san ni. Ban ga laifinsu ba, da ni ne abin da zan yi ke nan, don shi na sa turbon ma. Ba waya balle in kira. Rana ta ɗaga muna tsaye.

Daga ƙarshe ta ce in koma gona in zauna inda ba a ganina. Ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar kwalta da hijabinta, ta ɗaga katin jarrabawa sama. Wani dattijo mai a-kori-kura ya tsaya, ta hau gaba. Ni ban bi ta ba, wurin mutum ɗaya ne.

Ummaru ya ba ni takardarka da azahar, a bakin gonar na karanta ta. Shi ne kuma ya dawo da yamma ya ce mani ta isa bayan an rufe ƙofa, ba a bar ta ta shiga ba, jarrabawar yau sai baɗi.

Duk abin da ka ce in saya na saya. Abin da na ƙara da kaina shi ya kai mu gona. Na yi maka alkawari a zaure, na karya shi a ranar da ya fi kowace rana. Ina roƙo ta zauna wurinku har ta gama sauran, kada ta sake dogara da ni. Ga jakarta nan na ba Ummaru. Ni ba zan iya zuwa ba tukuna.

Ka yafe mani.
Misbahu.

*

Dutsin-Ma,
Laraba.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ya kwanan kaɗaici? Kumburin leɓe ya sace, takarda ta biyu da ta uku sun yi kyau.

Jaka ta iso, amma ka manta man shafawata, ka kuma sako takalmi ƙafa ɗaya.

Baba bai yi faɗa ba. Ranar da abin ya faru, da ya gan ni na sauko daga a-kori-kura sai ya zauna a ƙasa a ƙofar kwaleji, a gaban ɗalibai. Ya karanta takardarka ya ninke ya sa a aljihu. Jiya dai na ji yana tambayar Ummaru ko an samu wanda zai jawo motar, kuma wai kada a bari kowa ya tayar da ita kafin ya gani.

Na yi kuka na gama. Takarda ɗaya ce, baɗi zan zauna mata. Ka ce wa Baba ka karya alkawari. Ni a wurina cewa ka yi za ka riƙa kai ni kana ɗauko ni har in gama, kuma ban gama ba. An ƙara maka shekara guda.

Juma'a nake fitowa daga ta ƙarshe. Ka zo ka ɗauke ni, ko a motar Ummaru ce. Kuma sai ka shigo zaure.

Taka,
Mubina.